Allah Ya Saka wa Alƙalan Boga

Ƙasa ba ta cika babba ba sai ta gama da ƙananan matsaloli ta fuskanci manya. Amurka ta daɗe da wuce wannan mataki. Shi ya sa duk wanda ya leƙa jaridunta da tashoshinta zai tarar masana sun duƙufa a kan tambayar da ta gagari magabata: a cikin kamfanonin da ke miƙo boga ta taga, ta wa ta fi daɗi? Aikin ba na malalaci ba ne. Sai mutum ya yi sammako, ya shiga mota, ya bi tagogi biyar ko shida yana karɓar ƙunshi, ya samu gefen titi ya tsaya, ya baje su a cinya. Ya ɗaga biredin sama ya leƙa. Ya ƙirga yankan kokwamba. Ya gwada kaurin nama da ɗan yatsa, ya gutsura, ya lumshe ido, ya yi jim, sannan ya yanke hukunci: bakwai da rabi cikin goma. Rabin nan shi ne shaidar zurfin ilimi. Wanda bai yi karatu ba, bakwai zai ce ko takwas.

Kada wani ya yi gaggawar raina abin, ya ce ai niƙaƙƙen nama ne aka faɗaɗa aka gasa aka cusa tsakanin biredi biyu. Fanni ne mai malamai da mazhabobi. Mutumin Kalifoniya ya riƙe In-N-Out ba ya jin kira, na Texas ya ce in ba Whataburger ba sai rijiya, na New York kuwa yana kallon su duka da tausayi don yana da Shake Shack. Ni dai jinjina na zo yi, gare su da kamfanonin da suke wa alƙalanci, domin an daɗe ana tauye musu yabon da suka cancanta.

A 2014 mujallar Consumer Reports, wadda ba ta karɓar talla don kada a ce an saye ta, ta tambayi masu karatunta fiye da 32,000 abin da harshensu ya gaya musu, ta jera kamfanonin boga 21. Wani ɗan ƙaramin kamfani na Kalifoniya, The Habit, ya zo na ɗaya, In-N-Out da Five Guys suna bin sa a baya. McDonald's ya zo na 21. Wato na ƙarshe a aji shi ne mai shaguna fiye da 40,000 a ƙasashe sama da 100. Albarka ta wuce haka? Wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin masu tsohon tunani, da ke jin sai kaya sun yi kyau ake ciniki. A binciken nan dai an ce kajin KFC su ne na ƙarshe a ɓangaren kaji, abincin Taco Bell shi ne na ƙarshe a nasa ɓangaren. Uban gidan waɗannan biyun, kamfanin Yum, bai yi fushi ba, bai kuma wahalar da kansa da gyaran girki ba. A 2020 ya sa dala miliyan 375 ya saye The Habit ɗungurungum. Yanzu na ɗaya da na ƙarshe duk 'yan gida ɗaya ne, an huta da hassada.

A fara da kaka. White Castle ya buɗe a 1921 a garin Wichita na jihar Kansas, yana sayar da boga senti biyar. Lokacin Amurkawa suna ƙyamar niƙaƙƙen nama, domin tun 1906 Upton Sinclair ya wallafa littafinsa The Jungle, wanda ya tona abin da ake yi a mayankan Shikago. Billy Ingram da Walter Anderson suka gane inda ciwon yake: a idon mai saye. Suka yi wa gini farin fenti, suka sa teburan ƙarfe masu walƙiya, suka sa wa ma'aikata fararen kaya. A 1930 kuma aka kawo hujjar kimiyya: a Jami'ar Minnesota an ɗora ɗalibi ɗaya tak a kan bogar White Castle da ruwa har mako 13, ya fito da ransa da lafiyarsa, kamfani ya ɗauki labarin ya shiga talla da shi. Tun daga nan fannin ya samu ginshiƙi. Idan wanda ya ci ya tashi da ƙafarsa, an ci jarrabawa.

Sai dai sarauta ta McDonald's ce, kuma dole a daɗe a fadarsa. A 1948 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka rufe shagonsu na San Bernardino na 'yan watanni, suka sallami 'yan matan da ke kai abinci mota, suka yi watsi da faranti da cokula, suka rage jerin abinci, suka raba aikin ɗakin girki yadda kowane hannu abu ɗaya zai dinga yi daga safe har dare. Boga senti 15. Abin da suka cim ma bai taɓa zuwa wa wani sarkin girki a rai ba: sun fitar da iya girki daga cikin girki. Ba a bukatar wanda ya san nama, ko ya san wuta, ko yake ɗanɗana gishiri. Ƙararrawa ta yi ƙara, ka juya. Ta sake yi, ka kwashe. A 1954 wani mai tallar injin kaɗa madara, Ray Kroc, ya zo ya gani, ya ƙyasa. A 1961 ya saye kamfanin a kan dala miliyan 2.7, har da sunan mahaifin mutanen, ta yadda dole suka canza wa shagonsu na asali suna. Don ya nuna musu bai manta alheri ba, sai ya buɗe sabon McDonald's kusa da su har shagon nasu ya durƙushe. A 1961 ɗin ne kuma McDonald's ya kafa Jami'ar Hamburger a jihar Illinois. Jami'a fa, malam, ba makarantar koyon sana'a ba.

Akwai wata hikima da ake mantawa, ta wani Harry Sonneborn, mai riƙe wa Kroc lissafi. Shi ya nuna masa cewa kuɗin yana ƙasa, ba a kan wuta ba: kamfani ya mallaki fili da gini, ya ba wani hayar suna da wuri, wancan ya yi ta fama da mai da hayaƙi yana biyan haya. Yau kusan kashi 95 cikin ɗari na shagunan a hannun irin waɗannan masu hayar suna suke, kuma mafi tsoka a abin da suke biyan uwar kamfani kuɗin haya ne. Saboda haka alƙalin da ke shinshina Big Mac, bogar McDonald's, yana ba ta maki, girkin mai gidan haya yake dubawa. A yi masa uzuri in ya ji da ɗan saura.

Ita Big Mac ɗin, wadda Jim Delligatti ya ƙirƙiro a Pennsylvania a 1967, gini ce hawa biyu: biredi uku, nama biyu, kowanne giram 45 kafin ya ga wuta. Biredin tsakiya shi ne gwanintar, domin yana ba ta tsayi ba tare da an takura wa saniya ba. Kamfani bai zauna haka ba, ya ci gaba da bincike. A 2023, bayan shekara hamsin da 'yan kai, ya yi shelar sakamako: biredi zai ƙara laushi, cuku zai ƙara narkewa, za a dinga zuba albasa a kan naman tun yana wuta, a ƙara miya. An gano albasa tana son nama. Jaridu suka buga, alƙalai suka koma tagogi suka sake zama, wasu har suka ƙara rabin maki.

Burger King, wanda James McLamore da David Edgerton suka ɗaga daga Miami tun 1954, yana alfahari da cewa namansa harshen wuta yake gani, ba farantin ƙarfe ba. Whopper ɗinsa ta fito a 1957. Amma inda ya fi burge ni shi ne hoto. A 2022 wasu marasa godiya suka kai shi kotun tarayya a Filorida, wai Whopper ta jikin allo ta fi ta cikin takarda girma da kusan kashi 35 cikin ɗari, naman hoto kuma ya ninka na hannu. Kamfani ya ba da amsa ta dattako: duk mai hankali ya san ana yi wa abinci kwalliya kafin a ɗauke shi hoto, babu wanda ya yi alkawarin za su zo ɗaya. Alƙali bai yarda ya kori ƙarar gaba ɗaya ba a 2023. A shekarar nan kuwa wata kotu a Brooklyn ta kori irinta da aka shigar kan McDonald's da Wendy's, inda mai ƙara ya yi zargin cewa masu kwalliyar abinci ba sa barin naman hoto ya gasu, don kada ya tsuke. To ina laifi? Hoton kyauta ake ba ka. Ka ci da ido ka ƙoshi, sannan a ba ka na baki ka ɗora.

Har a kan ruɓewa an yi gasa. Da McDonald's ya tattara ya bar Iceland a 2009, wani mutum ya sayi boga da dankali ya ajiye, shekaru suka shuɗe suna nan da kamanninsu, har aka sa su a gilashi mutane suna zuwa kallo. Kamfani ya ce bushewa ce kawai, abin da ba danshi ba ya fumfuna. A 2020 Burger King ya mayar da martani da talla mai nuna Whopper tana ruɓewa tsawon kwana 34, ta yi kore ta yi gashi, don a san ya daina zuba sinadarin hana lalacewa. Ka ji inda ci gaba ya kai: kamfani ya kashe kuɗi don ya tabbatar wa duniya cewa abincinsa yana ruɓewa yadda abinci ke yi.

Wendy's na Dave Thomas, wanda ya fara a Columbus ta jihar Ohio a 1969, ya zo da juyin juya hali: namansa mai kusurwa huɗu ne, kusurwoyin suna leƙowa ta gefen biredi don kada a ce babu. Yana kuma rantsuwa naman bai taɓa shiga firiza ba. A 1984 ya fito da wata tsohuwa, Clara Peller, tana leƙa ƙaton biredin abokan hamayya tana tambayar ina naman yake. Tambayar ta shiga gari har Walter Mondale ya jefa wa Gary Hart ita a muhawarar neman takarar shugaban ƙasa. A farkon 2024 kuma shugaban kamfanin ya yi albishir cewa za su gwada allon farashi na lantarki mai sauyawa da lokaci. Mutane suka fahimci za a tsauwala musu a daidai sa'ar da yunwa ta fi cizo, aka yi ca, kamfani ya fito ya ce ba a fahimce shi ba, ragi yake nufi a lokacin da ba ciniki. Na yarda da shi. Kamfanoni sun saba kashe miliyoyi a kan na'ura don su samu hanyar rage wa kansu riba.

Su kansu masu saye, waɗanda ake tattara ra'ayinsu a yi jeri da shi, sun cancanci tasu jinjinar. A shekarun 1980 kamfanin A&W ya so ya kayar da Quarter Pounder ta McDonald's, mai naman rubu'in laba, sai ya fito da mai sulusin laba a farashi ɗaya. Ba ta karɓu ba. Kamar yadda mai kamfanin na lokacin, Alfred Taubman, ya ba da labari, da aka bincika sai aka ji mutane suna ƙorafin ana cutarsu, don uku bai kai huɗu ba. Duk yaron da ya zauna darasin rabon gado sau ɗaya ya san sulusi ya fi rubu'i. Amma kasuwa ta yi magana, kuma kasuwa ba ta kuskure.

Sai manyan gari, waɗanda alƙalai ke cire hula in an ambace su. In-N-Out na iyalan Snyder, tun 1948, ba ya ajiye firiza, ba ya buɗe shago nesa da inda yake niƙa namansa, yana kuma buga lambobin ayoyin Baibul a gindin kofi, ga mai son ya haɗa lemo da wa'azi. Five Guys, da ya fara a Virginia a 1986, yana ba da gyaɗa kyauta, yana ƙara maka ludayin dankali a gindin jaka har mai ya huda takarda, ka fita kana jin ka ci riba. Babban kofin dankalin nan kaɗai ya kai kalori 1,300, alhali abin da ake ƙiyasta wa baligi a yini 2,000 ne, kuma ba a zo kan boga ba tukuna. Shake Shack ya taso daga 'yar kurar sayar da abinci a wani lambun New York a 2001, ya kai kasuwar hannun jari a 2015. Waɗannan su suka gano cewa in ka ninka farashi ka sa mutum ya yi layi, harshensa da kansa zai ƙara maki biyu.

A 2018 wasu ƙungiyoyin kare masu saye da muhalli suka yi shisshigi, suka kawo wani ma'auni da ba a gayyata ba: yaya kamfanonin boga 25 mafi girma suke game da naman shanun da ake ɗirka wa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba don suna ciwo ba, abin da likitoci suka ce yana sa magungunan su daina aiki a jikin mutane? Guda 22 suka faɗi warwas, har da McDonald's da Burger King da In-N-Out da Five Guys. Wendy's ya tsallake da ƙyar. Biyu ne kawai suka ci da daraja ta ɗaya, Shake Shack da BurgerFi. A 2024 BurgerFi ya je kotu ya ce ya karye. Allah Ya ƙara, wa ya aike shi?

Yanzu ga abin da ya sa nake ganin alƙalan nan waliyyai ne. Kamfanoni huɗu, Tyson da Cargill da JBS da National Beef, su ke yanka kusan kashi 85 cikin ɗari na shanun turke a Amurka, biyu na ƙarshen kuma 'yan Birazil ke da iko da su. Naman boga galibi haɗi ne: kitsen da aka rage daga shanun da aka turke da masara, a gauraya da jan naman tsofaffin shanun madara ko wanda aka shigo da shi daga Ostireliya da New Zealand, a niƙa tare, ta yadda faifai ɗaya yakan haɗa naman shanu masu yawa da ba su taɓa ganin juna ba. Daskararren dankali kuma kusan duka daga wasu huɗun yake fitowa: Lamb Weston, McCain, Simplot da Cavendish. Mai ƙaramin tunani zai ce duk kanwar ja ce. Amma alƙalin boga yana iya zama a mota ya rarrabe zaren bambanci tsakanin ɗan Juma da ɗan Jummai, ya rubuta shafi uku. In wannan ba karama ba ce, a gaya mini sunanta. Shi kansa McDonald's, a watan Oktoban 2024, ya maka mahautan nan huɗu a kotu yana zarginsu da haɗa baki su tsauwala farashin nama. Abin tausayi, babban kamfani ya wayi gari ba shi da zaɓi sai abin da 'yan tsiraru suka miƙo masa a farashin da suka ga dama. Wa zai so a yi masa haka?

Shugaban ƙasa ma ya fahimci wannan haɗin kai. A watan Janairun 2019, ana cikin rufe ma'aikatun gwamnati saboda rikicin kasafi, Donald Trump ya karɓi 'yan wasan Jami'ar Clemson a Fadar White House, ya jera musu bogar McDonald's da Wendy's da Burger King a farantan azurfa, ga kyandirori suna ci. Bai fifita kowa ba. Adalci ke nan.

Game da gaskiya a kan abin da ke cikin abinci kuwa, ba a bar su a baya ba. A 1990 McDonald's ya yi shelar ya daina soya dankali da kitsen shanu, ya koma man tsirrai. Mabiya addinin Hindu da masu ƙin nama suka saki jiki suka ci, sai daga baya ta fito cewa ana sa ɗanɗanon naman shanu tun a masana'anta. A 2002 kamfani ya ba da haƙuri ya biya dala miliyan 10. A 2013 kuma shi da wani mai hayar sunansa a Dearborn ta jihar Michigan, garin da Musulmi ke da yawa, suka biya dala 700,000 don a kashe ƙarar da ke zargin an sayar da kazar da ba halal ba da sunan halal. Daga nan aka cire halal ɗin gaba ɗaya daga shagunan garin, kowa ya huta.

Wanda ya fi kowa kishin inganci, a ganina, kamfanin boga na Jack in the Box ne. Jihar Washinton ta kafa doka cewa a gasa niƙaƙƙen nama har cikinsa ya kai digiri 155 a ma'aunin Amurkawa, wato kusan 68 a namu, domin a nan ne ƙwayar E. coli ke mutuwa. Kamfani ya tsaya a kan tsohuwar ƙa'idar tarayya ta 140. Takardun da suka fito a shari'a sun nuna cewa daga wani shagonsa an rubuto ana ba da shawarar a ƙara wa naman lokaci a wuta, aka amsa cewa in ya daɗe yana tauri. Ka ga masu tausayin haƙorin jama'a. A lokacin suna tallar wata boga da kirarin cewa daɗinta har ban tsoro. Tsakanin ƙarshen 1992 da farkon 1993 mutum 732 suka kamu, yawancinsu yara, da dama ƙodarsu ta lalace har abada, yara huɗu suka mutu. Naman dai bai yi tauri ba. Sai a 1994 hukumar noma ta Amurka ta haramta sayar da niƙaƙƙen naman da ke ɗauke da wannan ƙwaya. Shekara talatin bayan haka, a 2024, mutum 104 a jihohi 14 suka kwanta bayan cin Quarter Pounder, ɗaya ya rasu a Colorado. A wannan karon ba a samu nama da laifi ba, ɗanyar albasa ce. Ɗan abin da ke cikin bogar mai kama da kayan lambu, shi ya yi aika-aikar.

Ladabin alƙalan boga shi ne sun san inda ido ya kamata ya tsaya. Takardar makinsu tana da gurbin laushin biredi, da narkewar cuku, da ƙarar dankali a baki, da minti nawa aka yi a layi. Ba ta da gurbin hannun da ya miƙo ƙunshin. Mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a sa'a tun 2009, bai motsa ba. A watan Nuwamban 2012 ma'aikatan irin waɗannan shaguna a New York suka fita yajin aiki suna neman dala 15, aka yi musu dariya, sai ga Kalifoniya ta kai na irin waɗannan ma'aikata dala 20 a 2024, ana ta kukan cewa sana'a za ta mutu. A 2020 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya duba wasu jihohi ya tarar McDonald's yana sahun gaba a kamfanonin da ma'aikatansu ke karɓar tallafin abinci na gwamnati. Mutum ya wuni yana naɗe abinci, ya tashi ya je gwamnati ta ciyar da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma tsarin yana tafiya sumul. Har tarbiyyar yara suna taimakawa: a 2023 ma'aikatar ƙwadago ta samu yara 305 suna aiki ba bisa ƙa'ida ba a shagunan McDonald's 62 na wasu masu hayar suna uku, ciki har da yara biyu 'yan shekara 10 a Louisville da ke kaiwa ƙarfe 2 na dare, ba ko sisi, ɗaya har yana taɓa tukunyar suya. Mai shagon ya ce 'ya'yan wani ma'aikacin dare ne da suka zo ziyara. Tarar duka ta ɗan haura dala 212,000, kusan 700 ke nan a kan kowane yaro.

Wani wurin ma akwai bambanci na gaske tsakanin kamfanonin, amma alƙalai sun fi ƙarfin su kula. Masu tsinkar tumatir na Immokalee a Filorida sun nemi a ƙara musu senti ɗaya a kan kowace laba. McDonald's ya amince a 2007, Burger King ya bi a 2008 bayan dogon ja-in-ja, Wendy's ya ƙi shiga shirin har aka yi kiran ƙaurace masa a 2016. Sai dai senti ɗaya ba ya sauya ɗanɗanon tumatir, don haka ba shi da gurbi a takarda.

Jikin mai ci shi ma ba ya cikin lissafi, don hukunci a loma ta farko ake yanke shi, ba bayan shekara ashirin ba. Big Mac ɗaya tana ɗauke da kusan rabin gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya ishi baligi a yini. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin 2013 da 2016, a kowace rana fiye da sulusin manyan ƙasar suna cin irin wannan abinci, kuma kusan mutum huɗu cikin goma suna da ƙibar da likita ke kira cuta. Kamfanonin ba su gudu sun bar mutanensu ba. Asibitin Cleveland Clinic, wanda duniya ta sani da aikin zuciya, ya zauna da shagon McDonald's a cikin gininsa wajen shekara ashirin, sai a 2015 aka rabu. A hawa ɗaya a yi sanadi, a wani hawan a yi magani, ba sai an nemi mota ba. Mu ma an fara tunawa da mu, tun da Burger King ya buɗe a Legas a 2021. Saura mu horar da namu alƙalan.

Mutum ɗaya ne ya so ya ɓata wannan kyakkyawar sana'a, kuma daidai ne da ba a saka shi a jerin gwanaye. Jon Basso ya buɗe wani shago a Arizona a 2005, ya mayar da shi Las Vegas a 2011, ya sa masa suna Heart Attack Grill, wato magasar bugun zuciya. Ya sa wa masu kai abinci kayan ma'aikatan jinya, ya sa wa masu ci rigar majinyata, ya raɗa wa bogoginsa sunayen tiyatar zuciya, ya soya dankali da man alade. Wanda nauyinsa ya haura laba 350, kusan kilo 160, kyauta yake ci, bayan an ɗora shi a sikeli a gaban jama'a. Wata bogarsa ta shiga kundin Guinness da kalori kusan 10,000. A 2012 zuciyar wani ta buga yana tsakiyar ci, wasu da ke wurin suka ɗauka wasan talla ne suna ɗaukar hoto. Shi kuwa mai shagon, duk gidan talabijin da ya je sai ya faɗa da bakinsa cewa abincinsa yana kisa, kada a ci. Wannan rashin kunya da me ya yi kama? Ga manya sun shekara ɗari suna koya wa duniya yadda ake yi, da farin fenti da hoto mai kyau da ɗan wasan yara a cikin kwali, shi ya zo yana kiran abu da sunansa. Da yana jin shawara, da ya cire rigar asibitin nan, ya rage naman zuwa giram 45, ya ƙara biredi a tsakiya, ya ɗora ganyen latas ɗaya yana leƙowa ta gefe. Ni da kaina zan ba shi takwas.